Magana Da Harsuna: Daga Urushalima Zuwa Titin Azusa

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Idan gidanku na kusa da coci, a Sabon Garin Kano ne ko Kaduna ko Jos ko Abuja, wataƙila ka taɓa ji da daddare ana tsakar addu'a, sai muryoyi su juya su koma wata magana da ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Yarabanci ba, ba Ibo ba. Wanda bai ji a unguwa ba ya gani a TikTok, inda ake yanko bidiyon ana sheƙa dariya. Kiristoci suna kiran abin nan magana da harsuna. Wasu da sun ji sai su ce aljanu ne, wasu su ce wasan kwaikwayo ne. Masu yi kuma suna cewa baiwa ce daga Ruhu Mai Tsarki. Mu dai a nan ba wa'azi muke yi ba, tarihi za mu bi. Kuma ku lura da tambayoyi biyu da suka bi wannan al'amari tun ranar farko har yau: wane yare ne wannan? Sannan wa aka yarda ya buɗe baki?

Mu fara daga tushe. A Littafi Mai Tsarki na Kirista, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 2, an ba da labarin almajiran Yesu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, suna tare a Urushalima ranar wani idi na Yahudawa da ake kira Fentikos. Kalmar Girkanci ce mai nufin "na hamsin", domin idin na zuwa ne kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa. Littafin ya ce Ruhu ya sauko musu, suka kama magana da waɗansu harsuna. Garin kuwa cike yake da baƙi masu ziyara, daga Masar, Libiya, Roma, Mesofotamiya, har da Larabawa, kuma kowa ya ji ana magana da yarensa na haihuwa. Wasu suka yi mamaki, wasu suka ce mutanen nan sun bugu ne. Bitrus ya miƙe ya ce ina batun maye da ƙarfe tara na safe? Kun ga ke nan ba'a ba yau aka fara ta ba. Amma abin riƙewa a nan shi ne, a wannan labari harsunan yarukan mutane ne, kuma an gane su.

To bayan kamar shekara 20, sai ga wani hoto daban. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙa zuwa ga Kiristocin Korinti, wani birnin kasuwanci na bakin teku a ƙasar Girka. A sura ta 12 zuwa ta 14 ta wasiƙarsa ta farko, ya kwatanta mai magana da harshe a matsayin wanda ke magana da Allah, babu mai fahimtarsa sai an samu mai fassara. Bulus bai hana ba, ya ma ce shi kansa yana yi fiye da su duka. Amma ya kafa doka: a taro kada su wuce mutum biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma a fassara, in babu mai fassara a yi shiru. Ya ce a gaban jama'a kalma biyar da za a gane sun fi masa dubu goma da ba a gane ba. Har ya gargaɗe su cewa baƙo zai iya shigowa ya tarar kowa na yi lokaci guda ya ce sun haukace. A tsakiyar wannan bayani ne ya sa shahararriyar surar nan ta 13 a kan ƙauna, inda ya ɗora ƙauna sama da kowace baiwa.

Saboda haka tun daga littafin akwai fuska biyu: harshen da baƙo ya ji ya gane, da harshen da sai an fassara. Duk gardamar da za ta biyo baya tsakanin waɗannan biyun take.

Ƙarnonin da suka biyo baya za mu ratsa su da sauri, domin abin ya yi ƙaranci ƙwarai. A ƙarni na 2 wani mai suna Montanus ya taso a yankin Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, tare da mata biyu, Priska da Maksimila, suna annabci cikin fita hayyaci. Shugabannin ikkilisiya suka yi watsi da su. Zuwa wajen shekara ta 400, manyan malamai biyu, John Chrysostom a gabas da Augustine na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, duk sun rubuta cewa harsuna abu ne na zamanin manzanni da ya riga ya wuce. Wannan ra'ayi shi ya yi rinjaye fiye da shekara 1,000. Jefi-jefi abin yakan ɓullo. A Landan, a 1831, an yi magana da harsuna a cocin wani mashahurin mai wa'azi, Edward Irving. Shekara na zagayowa aka raba shi da cocin.

Yanzu mu tsallaka Amurka, inda labarin zamani ya fara. A ƙarshen 1900 wani mai wa'azi Bature, Charles Parham, ya buɗe ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka na jihar Kansas, ɗalibai kamar 40. Ya ba su aiki: ku duba Ayyukan Manzanni, mece ce shaidar cewa mutum ya samu baftisma ta Ruhu Mai Tsarki? Amsar da aka tsaya a kai ita ce magana da harsuna. Ranar 1 ga Janairun 1901 wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta nemi a ɗora mata hannu a yi addu'a, sai ta fara. Parham ya ce Sinanci take yi.

Ku riƙe wannan da kyau. Parham ya yi imani cewa yarukan duniya ne na gaske. A lissafinsa ƙarshen duniya ya kusa, babu lokacin zama koyon yare, saboda haka Allah zai ba 'yan mishan yaren kowace ƙasa kai tsaye, su sauka daga jirgin ruwa su kama wa'azi. Shi ne kuma ya kafa koyarwar da ta zama ginshiƙin cocin Fentikostal, cewa harsuna su ne shaidar farko ta cika da Ruhu.

Sai dai wanda ya kai abin duniya ba Parham ba ne. Wani baƙar fata ne, William Seymour, haifaffen jihar Louisiana a 1870, ɗan bayin da aka 'yanta, mai ido ɗaya, domin ciwon agana ya ci ɗayan. A farkon 1906 yana birnin Houston lokacin da Parham ke koyarwa a can. Wata mata mai suna Lucy Farrow, wadda cikin bauta aka haife ta, ita ta haɗa su. Amma dokar wariyar launin fata ta jihar Texas ba ta yarda baƙi da farare su zauna aji ɗaya ba. Sai Seymour ya riƙa zama a waje, bakin ƙofa, yana sauraron darasi. Ku ɗan tsaya ku kalli hoton nan: ana koyar da cewa Ruhu zai sauko wa kowane ɗan Adam, ga ɗan Adam an bar shi a baranda.

A watan Fabrairun 1906 aka gayyace shi ya jagoranci wata ƙaramar majami'a a Los Angeles. Ya yi musu wa'azin harsuna, alhali shi kansa bai taɓa yi ba tukuna. Kwanaki kaɗan ya dawo ya tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo. Wasu iyali suka karɓe shi, aka ci gaba da addu'a a wani gida da ke titin Bonnie Brae. Ranar 9 ga Afrilu mutane suka fara magana da harsuna a wurin, shi kuma Seymour bayan kwana uku. Jama'a ta yi yawa har gida ya kasa ɗauka, sai suka koma lamba 312 a titin Azusa, wani tsohon coci da aka mayar rumbun ajiya da bargar dawakai. Suka share, suka jera katakai a kan ƙananan ganguna, kujeru ke nan.

Ranar 18 ga Afrilun 1906 jaridar Los Angeles Times ta buga labarinsu tana yi musu ba'a. A safiyar ranar ce kuma girgizar ƙasa ta ragargaza birnin San Francisco. Mutane suka tsorata, wasu suka ɗauka alamar tashin duniya ce. Ba'ar jarida ta zama talla kyauta. Kusan shekara uku ana taro a Azusa safe, rana da dare, kwana bakwai a mako. Jaridar da suka fara bugawa a watan Satumba, The Apostolic Faith, ta riƙa fita dubbai tana zagaya ƙasashe.

Me ya ja mutane? Harsuna, e. Amma akwai abin da ya fi ba Amurkar wancan lokaci mamaki. A zamanin da ake rataye baƙaƙen fata a bainar jama'a a kudancin ƙasar, ga ɗaki guda da baƙi, farare, 'yan Meziko da 'yan Asiya ke durƙusawa tare, baƙar fata na jagora. Mata suna wa'azi. Mai wanki da mai gadi da lebura, waɗanda Turancinsu ma ake rainawa, suna miƙewa su yi magana a saurare su. Harshen da ba a koya a makaranta ba ya tambayar takardar shaida. Farfesa da wanda bai taɓa shiga aji ba daidai suke a cikinsa. Masana tarihi da dama suna ganin a nan sirrin yaɗuwarsa tsakanin talakawa yake.

Sai gwaji ya zo, ta fuska biyu.

Na farko a kan yaren ne. Wani Bature mai wa'azi, Alfred Garr, da matarsa Lillian, sun fita daga Azusa da yaƙinin cewa shi an ba shi yaren Bengali. Suka hau jirgi, suka isa Kalkata ta Indiya a ƙarshen 1906. Ya buɗe baki, mutanen gari ba su gane ko kalma ba. Dole ya koma wa'azi da Turanci da tafinta. Haka ta faru da wasu da suka tafi Sin da Japan. Parham bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya mutu a 1929, amma yawancin mabiya suka sake karatu. Suka matsa daga hoton Ayyukan Manzanni zuwa hoton Korinti: wannan harshen addu'a ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba na tafinta ba. Fahimtar da akasarin masu yi ke kai yau ke nan. 'Yan mishan ɗinsu kuma suka koma aji koyon yare kamar kowa.

Mu a nan arewa mun san tsawon wannan hanya. Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilika ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan shekaru ana aiki da masu yaren. Ƙamus ɗin Bargery ya biyo baya a 1934. Kafin Bahaushe ya samu cikakken littafin da yarensa, sai da aka ci shekara 32 ana gumi.

Gwaji na biyu ya fi zafi, domin a kan mutane ne. A watan Oktoban 1906 Seymour ya gayyaci malaminsa Parham ya zo ya gani. Parham ya zo, ya ga farare da baƙi a cakuɗe, ransa ya ɓaci. Ya yi tir da taron, daga baya ma ya kwatanta shi da kalaman cin mutuncin baƙar fata. Aka nuna masa ƙofa. A 1908 wata ma'aikaciyar jaridar, Clara Lum, ta tafi Portland da jerin adireshin masu karɓar jarida, muryar Seymour ta yanke daga duniya. A 1911 wani Bature, William Durham, ya zo da wata koyarwa ya nemi mamaye wurin Seymour ba ya nan. Da ya dawo, shi ma sai ya sa kwaɗo. Wanda aka taɓa kulle wa ƙofa yau shi ke kullewa. Durham ya fice da mafi yawan jama'a. A 1914 aka kafa Assemblies of God a Hot Springs ta jihar Arkansas, kusan duka farare, baƙaƙe kuma suka taru a cocin Church of God in Christ ƙarƙashin Charles Mason. Sai a 1994, a birnin Memphis, shugabannin ɓangarorin biyu suka zauna neman gafarar juna, har wani fasto Bature ya wanke ƙafafun wani bishop baƙar fata. Shekara 80 ke nan.

Shi kuwa Seymour ya rasu a 1922 yana jagorantar 'yan tsiraru. Matarsa Jennie ta riƙe wurin bayansa, a 1931 aka rushe ginin. Amma kafin rasuwarsa ya sauya matsayi a kan abin da aka san shi da shi. Ya ga mutanen da ke magana da harsuna suna ƙyamar zama da shi saboda fatarsa, sai ya daina ɗaukar harsuna a matsayin hujja ita kaɗai. Ya koma cewa ƙauna da halin mutum su ne ma'auni.

Kada ku ɗauka komai daga Amurka ya fito. A Indiya, gidan Mukti da Pandita Ramabai ta kafa wa zawarawa da marayu kusa da Pune ya ga tasa farkawar tun 1905. Chile ta ga tata a 1909. Wasu 'yan Suwidin biyu sun sauka Belem ta Brazil a 1910, yau ƙasar na cikin manyan cibiyoyin Fentikostal na duniya. Daga baya abin ya shiga tsofaffin coci-coci da suka daɗe suna raina shi. A watan Afrilun 1960 wani limamin Angilika a California, Dennis Bennett, ya shaida wa jama'arsa yana magana da harsuna, ya rasa kujerarsa. A 1967 ya ɓulla tsakanin ɗaliban Katolika na jami'ar Duquesne, kuma a 1975 Fafaroma Paul na 6 ya karɓi dubban irinsu a Roma. Waɗannan su ake kira 'yan Karismatik. Ƙididdigar cibiyar Pew ta 2011 ta sa 'yan Fentikostal miliyan 279, 'yan Karismatik miliyan 305, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya.

A Najeriya fa? Ƙasar Yarabawa ta riga ta samu ƙungiyoyin addu'a na Aladura tun annobar mura ta 1918, sannan farkawar Joseph Ayo Babalola a Ilesha a 1930. A 1934 wasu matasa a Umuahia suka fara magana da harsuna, cocinsu ya sallame su, a 1939 suka haɗe da Assemblies of God. Babbar guguwar ta taso ne daga jami'o'i, musamman Ibadan, daga 1970, daidai ƙarshen yaƙin basasa. Masu digiri ne wannan karon, ba leburori ba. Daga wannan zamani ne aka samu Benson Idahosa a Benin, William Kumuyi da ya fara ajin nazari a Legas a 1973, da Enoch Adeboye, malamin lissafi da ya karɓi ragamar cocin Redeemed a 1981. Cocin Living Faith na David Oyedepo a Kaduna ya yi shekarunsa na farko kafin hedikwata ta koma kudu. Bautar ƙasa da aka fara a 1973 ita ma ta taimaka wajen kai matasan nan lungu-lungu na arewa. Su kuwa tsofaffin coci-cocin arewa irin su ECWA da COCIN da EYN ba a kan wannan aka gina su ba, kuma an sha ja-in-ja tsakanin dattawa da matasa a kan batun. Har gobe akwai manyan malaman Kirista da ke cewa baiwar ta ƙare da manzanni. Binciken Pew na 2006 a ƙasashe goma ya ma gano cewa a shida daga ciki, aƙalla mutum huɗu cikin goma na 'yan Fentikostal sun ce ba sa yi ko kaɗan. Don haka wanda ya ce "haka Kiristoci ke yi" ya yi kuɗin goro.

Masana kimiyya me suka gano? William Samarin, masanin harshe a jami'ar Toronto, ya yi shekaru yana naɗar muryoyi, ya fitar da littafi a 1972. Ya ce gaɓoɓi ne da mai magana ke ɗebowa daga sautukan yaren da ya sani, da kari da tsayawa irin na magana, amma babu tsayayyiyar alaƙa tsakanin kalma da ma'ana irin ta yaren mutane. A 1986 wani bincike a Kanada ƙarƙashin Nicholas Spanos ya nuna ana iya koya: kashi 20 cikin 100 sun iya bayan sauraron samfuri, kashi 70 bayan horo. A 2006 Andrew Newberg na jami'ar Pennsylvania ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata biyar suna cikin yi, ya ga aiki ya ragu a sashen gaba, mai kula da sarrafa kai, abin da ya yi daidai da cewarsu cewa ba su ke tuƙa harshen ba. Mutum biyar ba su da yawa, kuma na'ura tana nuna abin da ke faruwa a kai ne, ba ta yanke hukunci a kan Allah. Wani abu kuma da bincike ya sha nunawa: masu yi ba masu taɓin hankali ba ne. Mai shakka zai karanta duk wannan ya ce ai ga shi, koyo ne. Mai imani zai ce da ma ban ce da kai nake magana ba.

To ina muka kwana? Tambaya ta farko, wane yare ne, tarihi ya amsa rabinta a Kalkata: ba Bengali ba ne. Sauran rabin na imani ne, kowa da inda ya tsaya. Tambaya ta biyu ita ta fi shafarmu. Abin da ya fara da ba marasa murya dama yakan juya ya zama sandar auna mutane. Akwai matasa Kiristoci da ke shiga damuwa, ko su ƙirƙira don kunya, saboda an ce musu wanda bai yi ba bai cika ba. Su sani Bulus da kansa ya nuna ba kowa ke da baiwa iri ɗaya ba, kuma mutumin da ya buɗe Azusa ya mutu yana auna mutane da halinsu. Wanda ba Kirista ba kuwa, babu mai tilasta masa ya yarda. Amma kafin ka tura bidiyon nan da dariya, ka san cewa matar da ke ciki addu'a take yi, wataƙila a kan ɗanta da ke kwance asibiti, kuma bayanta akwai tarihin sama da shekara 120 da gardamar kusan shekara 2,000. A gari kamar Kaduna, inda rikicin 2000 da na 2002 suka raba mutane tsallaken kogi da tsallake, mun san abin da raini ke haifarwa.

Mutanen Azusa sun yi imani sun samu harshen sama, amma abin da ya wargaza su shi ne kasa zama da juna a ƙasa. Wannan darasi bai tsaya a kan addini ɗaya ba.

Nan za mu dasa aya. A tura wa aboki, musamman wanda kuka saba gardama da shi a kan addini. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.